Jinyar Inna Daga Bayan Ƙofa

Ban rubuta komai ba a lokacin da abin ke faruwa, saboda haka duk abin da ke nan daga kaina ya fito, kan kuwa ban yarda da shi gaba ɗaya ba. Akwai makonnin da suka manne da juna, akwai maganganun da ban tabbata a Bagudo aka yi su ko a Birnin Kebbi ba. Inda nake shakka zan ce ina shakka. Ni kuma ba likita ba ne. Labarin ƙasa na karanta a jami'a, a lokacin ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Bagudo. Kada wani ya ɗauki maganata a madadin ta asibiti.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, bandar kifi ce sana'arta. Takan shiga jirgin ruwa zuwa Dole Kaina ranar kasuwa, ta saro kifi wajen masunta, ta dawo ta yi banda a bayan gida. Ta haura hamsin, ban san da nawa ba, ita ma ba ta sani ba. Ni ne ɗanta na fari. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi, amma saboda wanda bai sani ba: uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zaman hira da shi, ba ta cin abinci yana kallo. A hannun kakata na girma. Idan Inna tana son aikena, sai ta dubi bango, ko ta dubi ƙanwata Rabi, ta ce, "A ce ma wancan shi zo." Ban taɓa jin haushin haka ba. Haka na ga ana yi a kusan kowane gida, kuma na san wa take ɓoye wa kifi mafi maiƙo.

Bayan girbin shinkafa ne muka fara lura tana ramewa. Takan dafe ƙugu idan za ta tashi, tafin hannunta ya yi fari. Rabi tana gidan mijinta a Lafagu da tsohon ciki, ba ta iya zirga-zirga. Sai Baba ya kira ni zaure ya ce, "Kai ka yi boko. Kai za ka kai ta, ka ji abin da likita za shi ce, ka zo ka hwaɗa muna." Babu wanda ya ga aibu a wannan tsari. Duk gidan da ke da ɗan boko haka yake yi.

Muka je wani ƙaramin asibiti. Da layi ya zo kanta, ma'aikacin ya leƙo ya ce, "Wa ya kawo ta? Shigo mana." Na shiga na tsaya a bayan kujerarta.

"Mama, me ke damunki?"

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. "Cikina."

"Ta ina a cikin?"

"Ciki dai."

"Akwai wani abu kuma da kike gani?"

Ta dubi ƙasa. Can ta ce, "Babu."

Ni kuma, don kada mu ɓata wa mutumin lokaci ga layi a waje, sai na cike gurbin da abin da na sani: ba ta cin abinci sosai, wani lokaci jikinta da zafi, tana wuni cikin hayaƙi. Ya rubuta gwajin jini, aka ce taifot. Ta sha magani na mako biyu, ba canji. Muka koma, na sake shiga da ita, ta sake cewa ciki, aka ce wataƙila gyambon ciki ne. Wannan ma ta sha maganinsa wajen wata guda. Ban ga laifin ma'aikacin ba. Abin da aka gaya masa shi ya yi wa magani.

A waɗannan makonnin kowa ya zama likita. Kawu Manu, wan Inna, ya kawo sassaƙe cikin buhu ya ce a jiƙa da jar kanwa. Wata maƙwabciya ta ce hayaƙin banda ne ya taru a ciki, a ba ta madara. Baba ya karɓo rubutu. Duk ta sha, ba ta musa wa kowa ba. Akwai abubuwa biyu da na gani ban fahimta ba sai daga baya: ta daina ba yara wankin zannuwanta, ita ke yi da kanta ta shanya a bayan murhun banda inda ba a gani, kuma ɗakinta kullum cikin turaren wuta yake, har ya yi yawa.

Ina jin a wata na uku ne Yafendo Kulu ta zo. Ƙanwar Inna ce, tana aure a wani ƙauye na ƙetaren iyaka, cikin ƙasar Benin. Mace ce mai baki, ba ta kunyar kowa, ni kuma ba ɗanta na fari ba ne, don haka ta saba tsokanata da "Malam Digiri". Ta kwana biyu a ɗakin Inna. A rana ta uku ta same ni ina goge babur ta ce gobe za ta tafi da yayarta kasuwar Dole Kaina.

Na ce, "Yafendo, kasuwa? Matar da ba ta iya tsayuwa?"

"Ba kihi za mu saye ba. An yi shela wajenmu, an ce gobe za a duba mata kyauta. Ungozomominmu za su ƙetaro, naku ma za su zo."

"Su wane ne suka shirya? Gwamnati ta san da su? Kada a je a ba ta wani abin da zai haɗu da maganin da take sha."

"Malam Digiri, wata uku kana kai ta kana maidowa. Ka yi naka. Bari mu yi namu."

Gaskiya ban so ba. Na ji labarin masu zuwa kasuwanni da lasifika suna sayar da ruwa mai launi. Don haka na ce zan bi su.

Ba masu lasifika ba ne. A harabar wata makaranta kusa da kasuwa aka kafa rumfunan tamfol, aka kewaye da igiya. A bakin igiyar wata dattijuwa ce zaune kan kujera, Hajiya Ige, shugabar ƙungiyar mata masu sana'ar kifi, wadda Inna ke zubi a cikinta tun ina yaro. Su Inna suka wuce. Na ɗaga ƙafa zan bi, ta tare ni da sandarta.

"Maza nan suka tsayawa."

"Hajiya, ni ɗanta ne. Ni na san magungunan da ta sha."

"Na sani. Ba kai ne na hwari ba?"

"Ni ne."

"To ka ƙara ja baya. Ga inuwa can."

Na koma gindin bishiya cikin maza, wasu da babura masu lambar Benin, wasu daga Nijar, kowa yana jiran tasa. Mun daɗe. Rana ta take tsaka kafin Yafendo ta fito tare da wata ma'aikaciyar jinya ta ɓangarenmu, Sista Asabe. Inna ba ta fito ba. Sistar ta ja ni gefe, ta ce mahaifiyata ta yarda a gaya mini, amma da sharaɗi biyu: kada a faɗa a gabanta, kuma kada in taɓa nuna mata na sani.

Wata ungozoma ce daga Benin ta zauna da ita, ta yi mata magana da Dandanci, harshen da Inna ta tashi da shi wajen kakanninta na bakin kogi. Ba namiji, ba ɗa. Nan take Inna ta faɗi komai. Ta yi shekaru da daina al'ada, amma kusan shekara guda ke nan jini ya dawo mata, ba ya ɗaukewa, ga wani ruwa mai wari. Da suka duba, suka ga tsiro a bakin mahaifa. Sista Asabe ta ce irin wanda suke iya yi wa magani nan take ƙarami ne, wanda bai zama ciwo ba tukuna. Na Inna ya wuce nan. Ba ta ambaci ciwon daji ba, ta ce sai an gwada, amma na ga fuskarta.

Na ce, "Sau huɗu ko biyar ana tambayarta a gabana."

Yafendo ta ce, a hankali, ba tsokana wannan karon, "Gabanka hwa. Ko wuƙa anka ɗora mata ba ta hwaɗi."

Daga baya na fahimci yadda aikin nasu yake, kodayake mai yiwuwa ban fahimce shi duka ba. Ba ƙungiya ɗaya ba ce. Ma'aikatan lafiya na ɓangarorin biyu ne suka yarda su riƙa haɗuwa a kasuwannin iyaka, tunda matan yankin ba su san iyaka ba: a nan suke saye, a can suke aure. Wata gidauniya a Birnin Kebbi ke kawo kayan aiki da mota. Ƙungiyoyin mata ke yin shela su tattaro mutane, limamai suna sanarwa a masallatai don mazaje su bar matansu su je. Duk matar da aka ga tana da matsala, in ’yar Benin ce ungozomomin can ke bin ta, in ’yar Nijeriya ce a damƙa ta hannun irin su Sista Asabe tun kafin a tashi. Ba a ce mata "je ki asibiti" a sake ta. Wannan damƙawar, a ganina, ita ce ta fi komai amfani.

A makon da ya biyo baya muka tafi Birnin Kebbi cikin motar gidauniyar, mu da wasu mata uku. Tun daga nan aikina ya canza. Ni ne mai bin layin kati, layin biya, layin karɓar jini. Yafendo ce mai shiga. Aka ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara mata kafin komai. Ni da wani abokin aikina muka bayar, ’yan kabu-kabu biyu ’yan unguwarmu suka zo da kansu suka bayar, ba su ko yarda na saka musu mai ba. Aka ɗan yanki tsoka aka aika gwaji. An ce mako biyu, ya kai kusan wata. A wannan jiran na fi ramewa fiye da kowane lokaci. Kullum ina kiran Sista Asabe, kullum tana cewa in yi haƙuri, ita ma tana bibiya.

Ranar da sakamako ya fito, likitar da ke duba ta, wata mace, ta ga Inna da Yafendo tukuna, suka fita, sannan ta kira ni ni kaɗai. An riga an gaya mata tsarinmu. Maganarta biyu ce ta zauna a kaina. Ta farko, "Dajin bakin mahaifa ne, mataki na uku." Ta biyu, "Ba zan yi maka alkawarin warkewa ba. Zan yi maka alkawarin ba za mu zauna muna kallo ba." Na tambaye ta da an zo tun farkon jinin fa? Ta ce ba ta son irin wannan tambayar, domin ba ta da amfani yanzu, amma ba za ta ɓoye mini ba, da ya fi sauƙi. Ta ce aikin tiyata ya wuce, sai gashi da na'ura tare da ƙarin ruwan da suke kira kimo, kuma na'urar tana wani babban asibiti a wata jiha. Za a yi makonni a can.

Muka dawo Bagudo, aka taru a tsakar gida. Inna tana ɗaki, asabari a sauke, tana jin komai. Kawu Manu ne ya fara.

"Tunda an ce daji ne, magana ta ƙare. Kowa ya sani daji ba shi son ƙarhe. Allura ɗaya ka yi mai sai shi watsu. Kun riga kun bari an yanke ta, yanzu kuma wuta za a sa mata? A bar ta gida, akwai wani mai magani a Matsinkai."

Baba ya dube ni. Na yi bayanin da zan iya, da "an ce" da "wataƙila" da yawa, domin ban son in faɗi abin da ban tabbata ba. Ina jin rashin ƙarfin muryata ya ƙara wa Kawu ƙarfi. Aka tashi ba matsaya. Washegari Yafendo ta ce Inna ta ce ba za ta je ba.

Na ɗauka maganar Kawu ce ta shige ta. Ba ita ba ce. Ina zaure ina jiyo su, Yafendo tana lallashi, Inna ta ce, "Ba wuta nika tsoro ba. Rabi na jego. Ke mijinki ba lahiya, ga shuka ta zo, ba ki iya wata biyu can. Wa za shi zauna da ni? Wancan za shi wanke man zane? Wancan za shi kai ni bayi? Gara in mutu ɗakina da mutuncina."

Mun yi kusan mako biyu a haka. An ba mu ranar zuwa, ranar tana matsowa, likitar ta ce in ta wuce sai mu koma ƙarshen layi. Na yi tunanin ɗaukar mai jinya ta haya, Inna ta ce ba ta buɗe jikinta ga wadda ba ta sani ba. Na rasa yadda zan yi, sai na gaya wa Sista Asabe gaskiyar abin da ya tsayar da mu. A wayar ta ce, "Wannan ba aikin asibiti ba ne. Bari in kira Hajiya Ige."

Bayan kwana biyu Hajiya Ige ta iso gidanmu da mata shida ko bakwai, rabinsu daga ƙetare, duk abokan sana'ar Inna. Sun riga sun raba makonnin a tsakaninsu kamar yadda suke raba zubi: wannan ta yi mako ta dawo, waccan ta karɓa. Kawu Manu yana zaune a ƙofar gida, ya fara maganar ƙarfe. Hajiya ba ta ko tsaya ba.

"Manu, sassaƙenka wata nawa tana sha?"

"Ai magani sai a hankali."

"To shi ci gaba da hankalinai. Mu mun tahi da ita."

Suka shiga ɗaki, na ji ana magana ƙasa-ƙasa, can na ji dariya, har da ta Inna, wadda na manta rabon da in ji ta. Da suka fito Hajiya ta ce mini, "Ta yarda. Kai kuma aikinka layi da cehwane. Kada in ji ka leƙa."

A garin da na'urar take muka kama ɗaki guda a bayan asibitin. Inna da mai jinyar makon suna ciki, ni ina shimfiɗa a barandar wani masallaci tare da wasu masu jinya. Makon farko ya tafi a awo da hotuna. A na biyu aka fara gashi, kusan kullum ban da ƙarshen mako, kimo kuma sau ɗaya a mako. Gashin kansa ba ya daɗewa, jiran shi ne aiki: mu zo da sassafe, wani lokaci sai la'asar. Daga mako na uku amai ya fara, da gudawa, ba ta son ko warin abinci, sai kunun tsamiya da ɗan romo. Matan nan sun ga abin da ban gani ba, sun wanke abin da ban wanke ba. Ɗaya daga cikinsu ba ta jin Hausa sosai, da hannu muke magana, amma ita ce ta gano Inna na iya cin tuwon shinkafa in an dama shi ya yi ruwa.

Ina da ƙorafi, kuma zan faɗa, ba don in ɓata wa kowa ba. Gidauniyar ta ɗauki wani kaso na kuɗin magani, Allah Ya saka musu, amma amincewar takan makara, sai mun nemo mun biya sannan a mayar. Masauki da abinci da mota duk a kanmu suke. Baba ya sayar da shinkafar da ya ajiye ta ci, daga baya ya sayar da sa ɗaya cikin na huɗa. Ofisoshi uku daban-daban sun yi mini tambayoyi iri ɗaya, kamar ba sa magana da juna, alhali tare suke aiki. Matan da ke zuwa daga ƙetare sukan sha tsayarwa a hanya, wata sai da Sista Asabe ta yi waya kafin a sake ta. Sannan na'urar ta tsaya na kwanaki a tsakiyar magani, muna zuwa ana cewa gobe. Ban san ko wannan tsayawar ta yi wa Inna illa ba. Na tambaya, ba wanda ya ba ni amsa kai tsaye. Makarantar da nake koyarwa kuma ta gaji da jira ta ɗauki wani. Ban ga laifinsu ba, yara ba za su zauna ba malami ba.

Sau ɗaya tak a can muka kasance mu biyu, ni da Inna. Mai jinyar ta fita sayen gawayi, ni na kawo magani na tsaya a bakin ƙofa. Inna tana kwance ta juya wa ƙofar baya. Ta ce wa bango, "Da akwai mai jin magana, da ya miƙo ruwa."

Na shiga na zuba na ajiye kusa da hannunta, na koma bakin ƙofa. Na ce, "Ya cikin?"

"Ciki da sauƙi."

Ta sha. Can ta ce, "An ce wancan ya bar aikinai."

Na ce, "Hutu suka ba shi."

"Hm. Wancan tun yana ƙarami bai iya ƙarya ba." Ta ja mayafi. "Allah Shi ba shi wanda ya hi shi."

Na juya na fita. Ita ta san na sani, ni na san ta sani, amma har ƙarshe "ciki" muke cewa.

Mun dawo gida damina ta yi nisa. Ta yi baƙi, ta rame, amma jinin ya tsaya, warin ya tafi. A lokacin ne Rabi ta gaya mini abin da ya fi ci wa Inna rai a shekarar da ta yi tana ɓoyewa. Ba zafin ba ne. Sallah ce. Ba ta san ko jinin nan yana hana sallah ba, kuma ba ta da wanda za ta tambaya ba tare da ta tona kanta ba. Wata rana ta yi, wata rana ta bari, kowanne ta yi sai ta ji kamar ta yi zunubi. Sai a asibiti wata malama mai ziyartar marasa lafiya ta warware mata cewa jinin ciwo ba ya hana sallah. Rabi ta ce ranar Inna ta yi kuka fiye da ranar da aka gaya mata sunan cutar.

Ta samu watanni masu kyau, ina jin sun kai takwas ko tara. Ta koma zama kusa da murhun banda tana ba yara umarni. Azumi ya zo, likita ta ce ba dole ba ne, ta yi wanda ta iya. Ta je sallar Idi da ƙafarta. Muna komawa Birnin Kebbi a duba ta lokaci-lokaci, Yafendo ko Rabi na shiga, ni ina waje.

Daga nan ƙafarta ta hagu ta fara kumbura, ciwon ƙugu ya dawo da ƙarfi. Aka yi hoto. Likitar ta ce ya dawo, ya kuma taɓa wasu wurare, abin da ya rage shi ne a rage mata zafi. Maganin zafin mai ƙarfi ba a samunsa a Bagudo. Sista Asabe ce ke karɓo shi ta ba direban da ta yarda da shi. Sau biyu ya yanke mana, kwanakin nan ba na son tuna su. Kawu Manu, Allah Ya saka masa, bai taɓa cewa "na faɗa muku" ba. Kullum yana zuwa ya zauna a zaure da carbinsa.

Tana cikin wannan hali aka yi shelar cewa masu duba mata za su dawo Dole Kaina. Inna ta sa aka kira Rabi daga Lafagu. Rabi ta ce ita lafiyarta ƙalau, ga yaro a baya, ga hanya ba kyau. Ina tsakar gida na ji Inna, da muryar da ta rage mata, ta ce, "Ni ma lahiyata ƙalau nika cewa. Ki tahi. A ce ma wancan shi kai ki, shi tsaya bakin igiya."

Na kai ta, na tsaya inda aka ce. An ga wani ɗan canji a jikinta, irin ƙaramin nan da bai zama ciwo ba, suka yi mata maganinsa nan take, suka ce ta dawo a sake dubawa bayan shekara. Ta fito da ƙafarta tana gyara goyo. Da muka isa gida ta shiga ta gaya wa Inna. Na ji Inna ta tambaye ta, "Da sunka tambaye ki, kin hwaɗa masu komi? Da bakinki?" Rabi ta ce e. Inna ta ce, "To. Alhamdu lillahi." 

Bayan ’yan makonni, wata Talata da hantsi, ina jin Talata ce, ta cika. Yafendo da Rabi suna tare da ita. Ni ina zaure da Baba da Kawu. Yafendo ce ta fito ta tsaya, Baba ya ga fuskarta ya yi salati. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ciwon ya zama kaffara.

Ban rubuta wannan don in ce a bar kunya ba. Ban isa ba, kuma ban tabbata ina so ba. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Idan za a kai uwa asibiti, kafin a tambayi wa ya yi boko, a tambayi wa za ta iya magana a gabansa. Ma'aikacin lafiya kuma, kafin ya ce "shigo", ya tambayi matar wane ne wannan a wajenta. Macen da ta daina al'ada ta sake ganin jini, kada ta jira. Masu haɗuwa a kasuwannin iyaka kuwa, na gode musu iyakar godiya, amma zuwan nasu ya yi nisa da juna. Tsakanin zuwa da zuwa akwai matan da ke shanya zane a bayan gida.

Rabin wannan jinya a cikin ɗakunan da ban shiga ba aka yi ta. Abin da na faɗa game da su ji na yi, wani ta bayan asabari, wani daga bakin wadda ta ga dama ta gaya mini. Yafendo Kulu, Hajiya Ige, Sista Asabe, da matan da suka karɓi makonni, har da ungozomar da ban taɓa ganin fuskarta ba: Rabi za ta karanta muku wannan. Inda na yi kuskure ku gaya mata ta gyara mini. Inda kuma kuka san Inna ba za ta so in sani ba, ku bar shi a wajenku.